Wutar mota: yadda ake bin sawun matsalar fulogi da kwayil tun kafin a kai ga sayen kaya

Ranar wata Juma'a cikin watan Afrilu, ina tsakanin Zariya da Funtuwa, motata ta fara wani hali da ban san ta da shi ba. Corolla ce ƙirar 2006. Idan hanya ta miƙe ina tafiya a hankali, lafiya lau. Da zarar na taka totur zan wuce tirela sai ta riƙa fizga, tana ja tana saki, fitilar cek tana ƙiftawa a dashbod. A garejin farko aka ce famfon mai ne, na biya aka canza. Bayan kwana biyu ta dawo da halinta. A na biyu aka kwance nozul aka wanke, ba ta sauya zani ba. Sai a wuri na uku wani dattijo mai rewaya ya ɗaga bonet, ya kwance noti ɗaya tak, ya zaro kwayil na uku ya miƙo mini. Robarsa ta jiƙe sharkaf da baƙin mai, har yana ɗiga a ƙasa.

"Alhaji, motar nan ba mai ta rasa ba," in ji shi. "Wuta ce ba ta isa inda aka aike ta."

"To Baba, famfon da aka canza fa?"

"In tsohon yana nan, adana shi. Lafiyarsa ƙalau."

Gaskit ɗin murfin inji ne ya bushe, mai ya tsiyaye cikin ramin fulogi, wuta ta samu hanyar zurarewa. Abin da na kashe a ranar bai kai abin da na riga na zubar a garejin biyu na baya ba. Tun daga nan na ɗauki alwashin sanin wannan ɓangare na mota da hannuna, domin na lura mafi yawan asarar da muke yi a kansa ba tsadar kaya ke jawo ta ba. Canki-canka ne. Ana canza abu kafin a tabbatar shi ne ya lalace. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin bincike daga mai arha zuwa mai tsada, kuma zan ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1ZZ-FE, a matsayin misali, tunda babu garin da ba za ka same ta ba. Civic da Yaris da sauran ƙananan motocin zamani duk kusan haka tsarinsu yake, lambobi ne kawai suka bambanta.

Daga makulli zuwa tartsatsi

A cikin silinda, fiston yana matse iska da fetur har su koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya ƙyasta musu wuta. Batir volt 12 kawai yake bayarwa, wanda ba zai iya tsallake gibin milimita ɗaya da ke bakin fulogi ba, balle a cikin wannan matsi. Ana buƙatar volt 20,000 ko fiye. Wannan shi ne aikin kwayil: ƙaramar taransifoma ce mai naɗin waya biyu, ɗaya kauri gajere, ɗaya siriri mai naɗi dubbai. Ana ba naɗin farko wuta, sai a yanke ta farat ɗaya, a wannan yankewar ne naɗi na biyu ke harba wuta mai ƙarfi zuwa fulogi.

Wanda ya taso da Fijo 504 ya san tsohon tsari: kwayil ɗaya, da distiributa mai raba wuta, da kwantak, da kondensa, da kaurin wayoyi biyar. 'Yan'uwanmu na Nijar, da ke ce wa fulogi buji, suna kiran distiributa da delko, sunan da Faransanci ya aro daga kamfanin Delco na Charles Kettering a garin Dayton na Amurka, inda aka fito da wannan tsari wajen 1910. A motar zamani duk waɗannan sun tafi. Kowane fulogi da nasa kwayil zaune a kansa, kuma ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke ce wa biren bos, ita ke yanke shawarar lokacin da kowanne zai harba.

Ƙwaƙwalwar ba ta gani, sai abin da sensa suka gaya mata. Sensar kiranshaf tana ƙirga haƙoran wani faifai mai haƙori 34 da gurbin biyu da aka cire da gangan, daga nan take sanin inda fiston yake da saurin juyawar inji. Sensar kamshaf tana faɗin wace silinda ce ke kan layi. Akwai kuma sensar da ke manne a jikin inji tana sauraron ƙwanƙwasa, idan fetur ba shi da kyau ya fara fashewa kafin lokaci sai ta sa a ɗan jinkirta wutar. Silinda huɗun ba a jere suke karɓar wuta ba, 1-3-4-2 ake bi, kuma ta ɗaya ita ce wadda ke ɓangaren da bel yake. Riƙe wannan, za ka buƙace shi nan gaba.

Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Tafiyar awa uku a haka, sau 270,000 ke nan. Kowace ƙyastawa tana ɗan cin bakin ƙarfen, gibin yana ƙara faɗi, kuma gwargwadon faɗin gibi gwargwadon ƙarfin da kwayil zai yi ta fitarwa kafin wuta ta tsallaka. Shi ya sa tsohon fulogi ne ke kashe kwayil. Wanda ya sa sabon kwayil a kan fulogin da ya gaji, ya saya wa kansa dawowa gareji.

Fara da kunne da mita

Kafin ka taɓa sifana, tsaya ka tantance wane iri ne ciwon. Ko dai ka murɗa makulli inji bai juya ba sam, sai ƙas-ƙas ko shiru, wannan maganar batir ce ko sitata ko makullin kansa. Ko yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba. Ko kuwa ya tashi amma yana misin: karkarwa a silo (wato mota tana tsaye inji yana aiki), fizga a hawa, shan mai fiye da ƙima, warin ɗanyen fetur daga salansa. Lura da lokacin da yake yi. Misin da ke zuwa sai ka ɗora wa mota nauyi, a hawa ko wajen wuce wata motar, galibi na wuta ne, saboda a lokacin ne matsin cikin silinda ya fi yawa kuma raunin kwayil ke bayyana. Wanda ke zuwa da sassafe bayan ruwan sama ko bayan wankin inji, danshi ne ya shiga inda bai kamata ba.

Ko wane iri ne, batir za ka fara aunawa. Mitar awon wuta ba ta da tsada, kuma ta cancanci zama a motarka. Bayan mota ta kwana, cikakken batir zai nuna kimanin volt 12.6. Idan ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Sa wani ya murɗa makulli kana kallon mitar: kada ta faɗi ƙasa da 9.6. Idan inji ya tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7, shaidar altaneta tana caji. Duba kan batir, in akwai farin gari ko kore ka kwance ka wanke da ruwan ɗumi da sodar yin burodi, ka goge har ƙarfe ya fito. Bi baƙar wayar at, wadda ta fito daga kan batir mai alamar (-), har inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, ka girgiza ta. Sakwarkwacewar wannan waya ɗaya tana haifar da alamomin da za su sa a zargi kwayil, a zargi sensa, har a kai ga zargin ƙwaƙwalwa. Zafin bazararmu kuma yana cin batir da wuri, don haka kada ka ce ai bai daɗe ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bari kowa ya cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada altaneta. A zamanin 504 an yi haka an kwana lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wutar da za ta yi tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona ta, alhali mita za ta ba da amsar cikin daƙiƙa goma.

Tambayi motar da kanta

A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da shi, na fetur a Turai kuma tun daga 2001, wato kusan duk 'yar Kwatano da ke kan titinmu. Nan ake sa wa mota kwamfuta. Akwai ƙananan na'urori da ake haɗawa da wayar hannu, suna karanta lambobin inji daidai gwargwado. Kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka karanta, ka rubuta lambobin a takarda kafin a goge komai. Mutane da yawa suna biyan kuɗi a goge musu fitilar cek su tafi da murna, alhali shaidar da za ta kai su ga ɓarawon ce aka share.

P0301 zuwa P0304 suna nufin misin a silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0300 yana nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya a wuri ɗaya ba, kuma a nan sai a faɗaɗa zargi zuwa fetur, ko iskar da ke shiga ta tsagaggen tiyo, musamman in ya zo tare da P0171, lambar da ke nuna iska ta yi wa mai yawa. P0351 zuwa P0354 na layin kwayil ne. Kwayil ɗin Toyota waya huɗu gare shi: ta wuta, ta at, wadda ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa, da wadda ke mayar da amsa cewa an harba. In amsar ba ta dawo ba sai wannan lamba ta fito, kuma sau da yawa laifin na soket ne ko waya. P0335 sensar kiranshaf ce, P0340 ta kamshaf.

Amma fa lamba unguwa take nuna maka, ba ta nuna gida. P0303 bai ce kwayil na uku ya mutu ba. Cewa ya yi silinda ta uku ba ta ƙona mai yadda ya kamata, ko saboda fulogi, ko kwayil, ko nozul, ko matsi ya zube.

Fitilar cek kuma iri biyu ce. In ta tsaya cak a kunne, kana iya lallaɓawa zuwa gida. In tana ƙiftawa, sassauta ƙafa nan take ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur ne ke wucewa cikin salansa yana ci da wuta a cikin abin nan mai tace hayaƙi da muke kira indomi. Yana narkar da shi ya toshe, kuma kuɗinsa ya ninka na fulogi da kwayil sau da yawa saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa.

Buɗe, ka karanta fulogi

Bari inji ya huce sosai, ya fi kyau da safe kafin a tayar da shi. Kan inji na alminiyam ne, zarensa yana da laushi in ya yi zafi. Kana buƙatar soket mai lamba 10, da sifanar fulogi mai lamba 16 wadda ke da roba a ciki, da doguwar sanda ta ƙari. Corolla ta 2009 zuwa sama, mai inji 2ZR-FE, siririyar sifana mai lamba 14 take so.

Kashe mota, zare makulli, cire murfin roba na saman inji. Za ka ga kwayil huɗu a jere. Danna harshen soket ɗin kowanne ka ja a hankali, kada ka ja ta waya, kuma kada ka sa sukudireba da ƙarfi, zafin shekaru ya busar da robar, karyewa take yi kamar ƙosai ya kwana. Kwance notin, ka murɗa kwayil kaɗan ka zaro shi sama. Tun a nan ka fara dubawa: akwai mai a jikin robar? Akwai ruwa ko tsatsa? Akwai tsaga, ko wani farin tabo kamar na ƙuna a gefe? Haska tocila cikin ramin. In akwai mai kwance, gaskit ɗin murfin inji da zobban robar da ke kewaye da ramukan sun gama aiki, kuma sai an canza su, in ba haka ba duk sabon abin da ka sa zai bi sahun tsohon. Tsotse man da tsumma a kan sanda. Sannan ka hura ramin da iska kafin ka kwance fulogi, ko da da famfon keke ne. Ƙurar hunturu da yashi suna taruwa a nan, kuma da zarar fulogi ya fita, cikin silinda za su faɗa.

Samo kwali ka huda rami huɗu, ka rubuta 1 zuwa 4, ka soke kowane fulogi a gurbinsa. Wannan kwalin zai gaya maka abin da kwamfuta ba ta faɗa ba. Bakin fulogi mai lafiya ruwan toka ne ko ruwan ƙasa mai haske, a bushe. In ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan ko wutar ba ta da ƙarfi, sai ka duba matatar iska. In baƙin mai maiƙo ne yana sheƙi, baƙin mai ne ke haurowa ta ring ko ta robar bawul, sabon fulogi zai ɗan ɓoye abin na makonni ne kawai. In ya yi fari fat da ƙuraje-ƙuraje ko bakin ya fara narkewa, zafi ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan ko an sa fulogin da ba na motar ba. In guda ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran ukun suna da launi, kuma lagireto yana shan ruwa, to ruwa ne ke shiga silindar, a duba gaskit ɗin kan inji. In ka ga ja-ja kamar garin jan bulo, daga abin da aka zuba a fetur ne.

Juya ka dubi farin tangaran na sama. Zobe mai ruwan ƙasa a gindinsa, daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ba komai ba ne, ko da yake ana yawan nuna wa mai mota shi a ce fulogi yana yoyo. Abin tsoro shi ne siririn baƙin layi da ya sauko daga sama zuwa ƙasa kamar an ja shi da fensir. Hanyar da wuta ta haƙa wa kanta ke nan ta waje. In ka gan shi, to akwai irinsa a cikin robar kwayil, kuma dole a canza su tare, domin tsohuwar roba za ta koya wa sabon fulogi wannan hanyar.

Sai gibi. A wannan inji, sabon fulogi milimita 1.0 zuwa 1.1 ne tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar da ta lanƙwaso kansa. In ya wuce 1.3, ya gama. Kada ka ƙwanƙwasa shi a kan dutse don ka matse gibin, kada a kankare shi da sanfefa ko burushin ƙarfe, kada a ƙona shi da fetur. Waɗannan dabarun na fulogin babur ne da janareta. Bakin fulogin wannan mota na wani ƙarfe ne da ake kira iridiyam, bai kai kaurin milimita ɗaya ba, yana jure zafin da ya haura digiri 2,400 amma ba ya jure duka.

Musanya, kafin ka saya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne ceton kuɗi, kuma kyauta ne. A ce kwamfuta ta nuna P0303. Ɗauki kwayil na uku ka kai shi silinda ta ɗaya, na ɗaya ka kawo shi ta uku. Goge lambar, ka zaga da motar har ta sake yin halinta, ka sake karantawa. In ta koma P0301, ciwon ya bi kwayil, ka kama shi dumu-dumu. In tana nan a P0303, kwayil ba shi da laifi, sai ka musanya fulogi na uku da na biyu ka sake gwadawa. In har yanzu ciwon bai bar silinda ta uku ba, to ka fita daga maganar wuta: a duba soket da wayoyinsa, a gwada nozul, a auna matsin silindar. A nan ne ya dace ka miƙa wa ƙwararren bakanike, kuma ka je masa da bayani a hannu.

In babu kwamfuta a kusa, bar inji a silo, ka zare soket ɗin nozul ɗaya bayan ɗaya na 'yan daƙiƙu kana mayarwa. Silinda mai lafiya in ka yanke ta, inji zai ƙara durƙushewa. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce dama ba ta aiki. Kada ka zaro kwayil daga raminsa inji yana aiki don ka ji ƙarar wuta. Zai iya fizgarka, kuma wutar da ba ta sami wurin sauka ba cikin kwayil ɗin take komawa.

A kasuwa

Je da lamba, kada ka je da sunan mota kawai. Injin 1ZZ-FE yana amfani da Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11. Na 2ZR-FE kuwa Denso SC20HR11 ne, dogo siriri, ba sa shiga gurbin juna. Lambobin suna da ma'ana: 11 na ƙarshe shi ne gibin milimita 1.1, R yana nufin akwai abin da ke hana wutar damun rediyo da ƙwaƙwalwa, 16 a Denso ko 5 a NGK kuma yana nuna yadda fulogin ke riƙe zafi. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne tunda zaren ya shiga, ba shi zai biya kuɗin fiston ba.

Jabun fulogi ya yi yawa, kuma kwalinsa yana iya fin na gaske kyau. Ko a Ƙofar Ruwa kake ko a Panteka, buɗe kwalin a gaban mai shago. Dubi rubutun jikin tangaran ko ya fita sarai bai karkace ba, dubi zaren ko sumul yake, dubi ɗan tsinken bakin ko a tsakiya yake zaune daidai, ka jera huɗun ka ga ko gibinsu ɗaya ne. Farashin da ya yi arha fiye da hankali shi ma shaida ne. Ni a ganina, in aljihu bai kai na iridiyam na gaske ba, gara ka sayi talakan fulogi na asali mai lambar da ta dace da injinka, ka riƙa canzawa duk kilomita 20,000 zuwa 30,000, da ka sa jabun da bakinsa zai iya ɓallewa ya faɗa cikin silinda. Fulogi kuma huɗu ake canzawa tare, kuma ba a sayensa ɗan gwanjo.

Kwayil daban ne. Wanda ya mutu kaɗai za ka canza. Kuma na fi amincewa da ɗan Beljiyam na asali, mai lamba iri ɗaya da wadda ke kan tsohon, da sabo dal marar suna. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka gwada a mota, ka duba robarsa babu tsaga. In kana yawan doguwar tafiya, ajiye guda ɗaya da soket mai lamba 10 a but.

Ɗaurawa

A nan ake yin ɓarnar da ta fi tsada. Saka fulogi cikin sifanar, ka sauke shi a hankali, kada ka sake shi ya faɗa ramin da bakinsa. Fara murɗawa da yatsu kawai, da sandar ƙari ba tare da hannun sifana ba. Ya kamata ya yi ta shiga salin-alin. In ya cije tun a juyi na farko ko na biyu, tsaya, warware, sake farawa. Zaren ya hau karkace ke nan, in ka tilasta shi ka cinye zaren kan inji. Kada ka shafa masa mai ko giris, an riga an yi masa rufin da ke hana shi kamawa, maiƙo kuma yana sa a ɗaure fiye da ƙima ba a sani ba. In akwai sifana mai awon ɗauri, 25 Nm ne a 1ZZ-FE, 20 Nm a 2ZR-FE. In babu, a na 1ZZ-FE bayan ya zauna da hannu ƙara kimanin rabin juyi in sabo ne, domin wasar da ke gindinsa, wato ɗan zoben ƙarfen nan, ta matse. In tsoho ne kake mayarwa, wasar ta riga ta kwanta, ɗan motsi kaɗan ya isa. Mayar da kwayil, danna shi har ya zauna, ɗaure notinsa ba da ƙarfi ba, ka tura soket har ka ji ya ce ƙas.

In tana juyawa amma ta ƙi kamawa

Kwayil huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. In babu wuta a ko'ina, nemi abin da suka haɗa. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa: fitilar cek ta fito? In ba ta fito ba, ƙwaƙwalwa ba ta samun wuta, sai ka buɗe akwatin fiyus ka duba fiyus da rile masu alamar EFI. In motar tana da makulli mai cif, dubi fitilar tsaro, in ta ci gaba da ƙiftawa bayan ka sa makulli, motar ba ta gane shi ba, gwada ɗayan. Makullin da aka yanka a kasuwa zai buɗe ƙofa ya juya inji, amma ba zai tayar da shi ba. In an taɓa sa wa motar na'urar hana sata ko ta bin sawu, a duba inda aka yanka waya aka naɗe da salatif, na ga mota fiye da ɗaya da ta kwana a hanya saboda wannan haɗin.

Sannan sensar kiranshaf. Halinta sananne ne: mota tana tafiya ta mutu in ta yi zafi, ka jira rabin awa ta tashi kamar ba ita ba. A 1ZZ-FE ana auna ta da mita, in tana da sanyi tsakanin om 1,630 da 2,740. Duba wayarta ma, kusa da bel take bi.

Abin da ke tsawaita kwanansu

Toyota ta ba fulogin iridiyam na wannan mota mil 120,000 a Amurka, kimanin kilomita 192,000. Ban ba ka shawarar ka jira hakan ba. Motar da ta zo ta Kwatano ba ka san gaskiyar abin da ta ci ba, kuma awannin da inji ke yi yana aiki a cunkoso ba sa hawa kan mitar kilomita. Ranar da ka sayi mota ka buɗe ka gani, daga nan kuma sau ɗaya a shekara, ya fi dacewa gab da damina. Ka hana masu wankin mota harba ruwa mai ƙarfi a saman inji, tsumma mai danshi ya wadatar. In ka ratsa ruwa mai zurfi mota ta fara misin, zaro kwayil ka busar da ramukan kafin ka zargi wani abu. Matatar iska a lokacin hunturu tana toshewa da wuri. Man 'yan bumburutu kuma, in ba dole ba, a bar shi.

Masu mayar da mota kan gas na CNG, waɗanda suka ƙaru tun bayan cire tallafin mai a 2023, su sani gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana neman wuta mai ƙarfi. Fulogi da kwayil da suke lallaɓawa a kan fetur, a kan gas za su tona kansu. A sa sababbin fulogi tun ranar juyin, kuma a riƙa duba su akai-akai fiye da na mai fetur.

Bayan ka gama kowane aiki, goge lambobin, ka bar inji ya yi zafi, sannan ka nemi hawan da motar ta saba yin fizga a kansa, ka hau shi da babbar giya kana taka totur a hankali, na'urar sanyi a kunne. Ka dawo ka sake sa kwamfuta. In babu lambar da ta dawo, yage murfin kwalin fulogin, ka rubuta kwanan wata da kilomitar da mota take a bayansa, ka jefa shi cikin aljihun dashbod tare da takardun mota.